Taron da Ba a Rubuta Ba, Hira Ce Aka Yi

Daga Doka, Jihar Gadarif

 Muna godiya ga Edita da ya ba mu wannan fili domin mu tsoma baki a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wanda kuma yawancinmu suke ɗaukarsa abin wasa. Al'amarin kuwa shi ne rubuta abin da aka zartar a wurin taro, wato abin da a nan Sudan ake kira mahadar, 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar kuma suke cewa rahoton zama ko kundin taro.

Mun san wani zai ce, yanzu duk halin da ake ciki, ga yaƙi, ga tsadar mai, ga shingaye a hanya, a rasa abin da za a yi magana a kai sai takarda? To, a yi mana haƙuri a saurara. Mu da muka haura hamsin muna bin hanyar nan daga Gadarif zuwa Doka zuwa Gallabat, mun ga asarar da fari ya jawo, mun ga wadda ɓarayi suka jawo, amma asarar da ta fi ƙona mana rai ita ce wadda muka jawo wa kanmu da bakinmu, a ƙarƙashin rumfa, da kofin shayi a hannu.

ABIN DA YA SAME MU

Wasu shekaru da suka wuce mun yi niyyar yashe wani hafir, wato babban tafkin da ake tara ruwan damina, wanda shanunmu suke sha kafin a shiga da su kasuwa. Yashi da laka sun cika shi, ruwansa ba ya kai tsakiyar rani. Aka kira taro bayan la'asar, jama'a suka cika, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Aka amince za a riƙa cire wani abu a kan kowane kai da aka sayar, a danƙa wa wani dattijo daga cikinmu wanda kowa ya shaide shi da riƙon amana. Aka shafa fatiha, aka watse, kowa yana murna. Babu wanda ya ɗauki alƙalami.

Ba a yi wata biyu ba aka fara jin ƙananan maganganu. Wani ya ce shi abin da ya ji, a kan manyan shanu kawai za a cire, maruƙa ba sa ciki. Wani ya ce mai saye ne zai biya, wani ya ce a'a, mai sayarwa ne. Masu koro dabbobi da ƙafa suka ce su an ɗauke musu, masu lodi a mota ne aka ɗora wa. Kowa yana rantsuwa, kuma wallahi ba mu jin akwai wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu. Kowa dai ya riƙe gefen maganar da ya fi masa daɗi, sauran ya bi iska.

Babbar rigimar ta zo ne a kan kuɗin mai. Dattijon nan ya ɗebi wani kaso ya ba mai motar haƙa domin ya sayi man dizal tun kafin a fara aiki, ya ce taro ne ya ba shi izini. Wasu suka tashi suka ce ba a taɓa yin wannan magana ba. Aka dakatar da biyan sauran kuɗi har sai an yi bincike. Kafin a gama ja-in-ja damina ta faɗi, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san idan ta sha ruwa babu motar da za ta shiga. Mai haƙa ya kwashe kayansa ya tafi wani aiki. Ranin da ya biyo baya da kuɗinmu muka riƙa sayen ruwan tanka, wasu kuma suka karyar da shanunsu saboda rama.

Wannan duk asarar dukiya ce, ana mayarwa. Abin da ba a mayar ba shi ne mutuncin bawan Allahn nan. Ya daina zuwa taro, ya koma sallah a wani masallaci, gidaje biyu da suka haɗa surukuta suka daina gaisawa. Bayan ya rasu, ɗansa ya tarar da wata 'yar takarda a cikin gafakarsa, da rubutun ajami, ya jera duk abin da ya karɓa da duk abin da ya kashe, lissafi ya daidaita ba ragi ba ƙari. Amma ko da an ga takardar yana raye, ba za ta raba gardamar ba, domin shi kaɗai ya rubuta, kuma abin da ake musu a kai shi ne ko taro ya ba shi izini ko bai ba shi ba. Mu da muke wannan rubutu muna wurin a ranar. Da aka tambaye mu, sai muka ce mun tuna an yi maganar mai, amma ba za mu iya rantsuwa a kan yadda aka ƙare ba. Har yau wannan amsa tana damunmu. Layi biyu a littafi da sun wanke shi.

SANA'ARMU TA RIGA TA SAN WANNAN

Abin mamaki shi ne, a cikin kara ba mu yin irin wannan sakaci. Idan ka taya sa, mai shi ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama, ba a tashi sai da shaidu da dillali. Kuɗin da ake fara bayarwa domin a ɗaure ciniki, kakanninmu suka sa masa suna kafin alƙalami. A kasuwannin Sudan akwai damin, mutumin da yake tsayawa ya lamunci cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma babu mai hankalin da zai kora garke ya bi hanya ba tare da takardar kasuwa da ta likitan dabbobi a aljihu ba. Ashe a kan sa guda muna neman shaida da takarda, amma a kan kuɗin mutum ɗari, da aikin da zai ɗauki shekara, sai mu ce ai kowa ya ji.

Ga kuma yanayin sana'ar kanta. Mu ba ma'aikatan ofis ba ne da suke haɗuwa kowace safiya. Yau mutum yana Doka, jibi yana Matamma, mako mai zuwa ya bi raguna zuwa Sawakin. Da damina makiyaya sun yi arewa wajen Butana, da rani sun gangaro kudu. Da wuya ka ga mutanen da suka zauna taron farko su ne suka zauna na biyu. Sai ka ga an ɓata rabin zama ana maimaita abin da aka riga aka gama, wanda bai zo wancan karo ba ya rushe abin da aka gina, a tashi ana zaman 'yan marina, kowa da inda ya fuskanta. Littafin taro shi ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ba ya tafiya fatauci.

ABIN DA MUKA KARANTA A MAKARANTA

Mu ba malamai ba ne, amma duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. An yi umarni a rubuta, a faɗi wa'adi, a kafa shaidu, marubuci ya yi adalci, kuma kada a ƙosa da rubutawa don abin ƙarami ne. An sassauta a kan cinikin hannu da hannu, na ba ka ka ba ni. To, mu tambayi kanmu, kuɗin da muke tarawa don aikin ƙungiya wane iri ne? An karɓa yau, za a kashe bayan watanni, a hannun wani, bisa sharuɗɗan da aka faɗa da baki. Wannan ya fi kusa da bashi mai wa'adi fiye da cinikin hannu da hannu.

A shekara ta 6 bayan Hijira, da aka yi sulhun Hudaibiyya, ba a tashi a kan maganar baki ba. Sayyidina Ali ne ya riƙe alƙalami, Suhailu ɗan Amru yana wakiltar Ƙuraishawa, kuma an yi ja-in-ja a kan kalmomi tun ana cikin rubutawa. Abin lura a nan shi ne lokacin da aka yi gardamar. An yi ta ne kowa yana zaune, kafin a rufe takarda. Mu kuwa mun saba jin kunyar gardama a wurin taro, sai an watse mu ɗauke ta mu kai majalisar shayi.

DARASI DAGA ƘOFAR GIDANMU

Ba sai mun je nesa ba. Iyakar nan da muke ƙetarawa da shanu, a ranar 15 ga Mayu 1902 aka ƙulla yarjejeniyarta tsakanin Sarki Menelik na Habasha da Ingila. A 1903 wani hafsan Ingila, Manjo Guwin, ya bi ƙasa ya kafa alamomi, ya rubuta rahotonsa. Sudan ta riƙe wannan rahoto a matsayin hujja, Habasha kuwa ta daɗe tana cewa an yi aikin ne ba tare da wakilanta ba. A 1972 ƙasashen biyu suka yi musayar takardu a kan maganar, amma ba a kammala kafa alamomi tare ba. A ƙarshen 2020 rikicin Fashaga ya sake tashi, kuma tun daga nan an sha rufe mashigar Gallabat, shanunmu suna tsaye suna cin kuɗin harawa. Ba huruminmu ba ne mu ce ga mai gaskiya, wannan na hukumomi ne. Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka shi ne, takardar da ake jayayya a kan wanda ya halarta da wanda ya sa hannu tana iya haifar da rigimar da za ta wuce shekara ɗari. Rubutawa kaɗai ba ta isa ba, sai an karanta a gaban kowa, kowane ɓangare ya sa hannu.

Darasi na biyu a kan ƙasa ne. A 1970 gwamnatin Numeiri ta kafa dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Makiyaya sun gaji burtali da mashaya kaka da kakanni, kowa ya san su, amma sanin yana cikin kawunan dattawa ne. Noman inji da ya fara a yankin Gadarif tun tsakiyar shekarun 1940 ya yi ta faɗaɗa, mai gona yana da takarda da lamba, mai shanu yana da labarin kakansa. Kowa ya ga yadda burtali ya tsuke. Saboda haka duk ranar da aka zauna da manoman dawa da riɗi a gaban omda ko jami'in mahalliya a kan hanyar shanu, kada wakilanmu su tashi sai an rubuta faɗin hanyar, daga wace alama zuwa wace alama, da ranar da za a buɗe gonaki bayan girbi, su kuma karɓi kwafi su kawo.

Haka nan tun da aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a kusa da mu a Nuwamba 2020, ƙungiyoyin agaji da yawa sun shigo yankin, kuma akan kira mu zama a kan ruwa ko allurar dabbobi ko gyaran kasuwa. Su sukan zo da takardunsu, a ba mu takardar halarta mu sa hannu, su tafi da ita. Ba zarginsu muke yi ba, aikinsu suke yi yadda aka koya musu. Amma ma'aikaci ana yi masa canjin wuri, wanda ya gaje shi abin da ya tarar a fayil shi zai bi. Idan alkawarin da aka yi mana bai shiga fayil ba, ya tafi tare da wanda ya yi shi. Su rubuta nasu, mu rubuta namu, a gwada a gani ko sun yi daidai kafin a tashi.

WANE KUƊI, WACE RANA

Akwai tarko guda biyu da suka keɓanta da mu 'yan kan iyaka. Na farko kuɗi. A 1992 aka kawo dinari, guda ɗaya a kan fam goma. A 2007 aka dawo da sabon fam, wato jinai, guda ɗaya a kan dinari ɗari, wato tsohon fam dubu. Daga nan bakin mutane bai saki tsohon lissafi ba, sai ka ji mutum ya ce miliyan alhali dubu yake nufi. Mu da muke nan mun gane, amma ɗan'uwan da ya zo daga wata ƙasa fa? A Fabrairu 2021 farashin hukuma ya tashi daga fam 55 zuwa 375 a kan dala guda a rana ɗaya. A Yuli 2024 Habasha ta saki birr kasuwa ta yi masa farashi. A Disamba 2024 aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohi da dama har da Gadarif. A irin wannan hali, idan taro ya ce kowa zai ba da kaza, dole a rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, a faɗi wane kuɗi ne, tsaba ne ko ta Bankak, da ranar ƙarshe ta biya. Wanda ya biya da wuri da wanda ya biya bayan wata shida ba abu ɗaya suka bayar ba, ko da lambar ɗaya ce. Wasu ma suna ganin gara a ɗaure gudummawar da farashin wani abu, kamar buhun dawa ko gangar mai. Idan taro ya zaɓi haka, to shi ma a rubuta.

Na biyu kwanan wata. Abokan cinikinmu na Matamma kalandarsu wata goma sha uku ce, sabuwar shekararsu a Satumba take kamawa, kuma lissafin shekarunsu yana bayan na Miladiyya da bakwai ko takwas. Agogonsu ma daga wayewar gari yake fara ƙirga, abin da suke kira ƙarfe ɗaya na safe shi ne ƙarfe bakwai a agogon da aka saba. Mu kuma dattawanmu da watan Musulunci suke lissafi, ofisoshi da na Miladiyya. Idan aka ce a haɗu ran goma ga wata da ƙarfe biyu, mutum uku za su iya zuwa a ranaku uku, kowa kuma yana da gaskiya. Marubuci ya sa sunan ranar mako, ya sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, ya ce bayan azahar ko bayan la'asar. Lokacin sallah ba ya rikita kowa.

MASU CEWA A'A

Mun ji hujjojin waɗanda ba sa so, kuma ba duka ne na banza ba.

Wasu dattawa suna cewa rubutu alamar rashin yarda ce, da can kalmar mutum ta isa. Muna girmama wannan magana, kuma mun ga zamanin da ake kora garke guda a kan amana daga nan har Omdurman. Amma labarin da muka bayar a sama, mai amana ne ya cutu. Maci amana ba ya son littafi domin yana tona shi, mai amana kuwa littafi garkuwarsa ne ranar da harsuna suka juya. Idan muna ƙaunar ma'ajinmu, mu ba shi abin da zai kare kansa da shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wasu suna cewa takarda haɗari ce a wannan zamani, idan ta faɗa hannun da bai dace ba a wani shinge, an san wane ne mai kuɗi. Wannan gaskiya ce, kuma ba za mu raina ta ba. Maganinta shi ne a san abin da ake sawa a littafi. Ba a rubuta ranar da wane zai tashi da kuɗi, ko hanyar da garke zai bi, ko yawan dukiyar mutum. Ana rubuta abin da ya shafi aikin gayya ne kawai. Kuma littafin ba ya bin kowa tafiya, yana zaune a gari.

Wasu kuma suna cewa marubuci yana iya murɗa magana ya rubuta son ransa. Ƙwarai yana iyawa. Shi ya sa ba a barinsa ya je gida ya rubuta da dare. A wurin zai rubuta, a wurin zai karanta da ƙarfi kafin a shafa fatiha, wanda bai iya karatu ba kunnensa ya ji, in akwai gyara a yi nan take.

Samarinmu kuma suna cewa ai akwai WhatsApp, an ɗauki murya an tura. Waya tana da amfani, kuma za mu zo kanta. Sai dai muryar awa biyu da hayaniyar mutum arba'in, wa zai zauna ya saurara bayan shekara domin ya nemo jimla guda? Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana share saƙo. Kuma murya tana ɗauke da fushin da aka yi da baƙar maganar da ta suɓuce, abin da ya kamata a bari a wurin. Littafi hukuncin kawai yake riƙewa.

Batun cewa ba mu yi boko ba kuwa, wannan ba hujja ba ce. Wanda ya iya Larabci ya rubuta da Larabci, wanda ya iya ajami ya rubuta Hausa da ajami. Abin da za a kai ofis ko banki a yi shi da Larabci, domin ko asusu ƙungiya za ta buɗe sai an tambaye ta mahadar na zaman da ya zaɓi masu sa hannu. 'Ya'yanmu da suka gama sakandare suna zaune, a ɗauki ɗaya mai natsuwa a ba shi ɗan abin sabulu.

ABIN DA ZA A RUBUTA

Ba dogon labari ake nema ba. Shafi guda ya isa yawancin zama, in dai ya ƙunshi waɗannan:

1. Rana da wuri, da sunayen waɗanda suka halarta, da waɗanda suka aiko uzuri ko wakili.
2. Abin da aka zartar, kowane hukunci da lambarsa, a gajarce kuma ba tare da kwana-kwana ba.
3. Wanda aka ɗora wa kowane aiki da sunansa, da ranar da zai kawo bayani. Kalmar "za a duba" ba ta taɓa yashe tafki ba.
4. Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita tun zaman baya, da iyakar abin da ma'aji zai iya kashewa ba tare da ya dawo wa taro ba.
5. Wanda bai amince ba, in ya so a rubuta sunansa da dalilinsa. Wannan haƙƙinsa ne, kuma yana hana shi zuwa waje ya ce an danne shi.
6. Abin da aka ɗage zuwa zama na gaba.
7. Sa hannu ko dangwalen shugaba da marubuci da mutum biyu daga cikin jama'a, waɗanda ba sa riƙe da muƙami.

A sayi littafi mai ɗinki, a sa wa shafukansa lamba tun ranar farko domin kada a yage wani. In an yi kuskure a ja layi a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, kada a goge. Kowane zama a buɗe shi da karanta na baya, a tambayi waɗanda aka ɗora wa aiki ina aka kwana. Za ku ga mutum yana jin nauyin a karanta sunansa sau biyu a jere bai yi komai ba.

Sai maganar ajiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, mun karɓi 'yan'uwa daga Hartum, daga Wad Madani a ƙarshen wannan shekara, daga Sinja a tsakiyar 2024, da yawa sun fito daga su sai kayan jikinsu. Mun ji yadda littattafan bashi da takardun shaguna suka salwanta, aka bar mutane da tunani da rantsuwa. A nan ne waya take da rana. Da zarar an sa hannu, a ɗauki hoton shafin a tura wa 'yan ƙungiya, wanda ke Gallabat da wanda ke Bur Sudan duk su gani a ranar. Littafi yana wurin marubuci, kwafi yana wurin wani dattijo a wata unguwa, hoto yana cikin wayoyi da yawa. Da wuya duka su tafi lokaci guda.

KIRANMU

Muna kira ga shugabannin ƙungiya da na rassa da su sa wannan magana a gaban zama mai zuwa, a mayar da ita ƙa'ida: duk hukuncin da ba ya cikin littafi bai hau kan kowa ba, kuma ma'aji ba zai fitar da ko fam guda ba sai ya nuna lambar hukuncin da ya ba shi izini. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a rubuta a shafi na ɗaya.

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da suke shigowa sana'ar, kada ku ji kunyar ɗaga hannu ku ce, Baba, a karanta mana abin da aka rubuta. Ba rashin kunya ba ne. Ga iyayenmu dattawa kuma, idan yaro ya faɗi haka, a sa masa albarka, domin mutuncinku yake karewa.

Har yanzu hafir ɗin nan yana buƙatar yasa, kuma muna jin ana maganar sake tara kuɗi kafin damina. Muna goyon baya, za mu ba da namu. Amma wannan karo za mu zo da littafi da alƙalami, kuma ba za mu ɗaga hannu a shafa fatiha ba sai an karanta. Allah Ya jiƙan dattijon nan, Ya yafe mana shirun da muka yi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan da maƙwabtanta, Ya tsare hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.